Kafin Ka Ba Magini Gyaran Gida a Hunturun Nan

Da zarar an gama kaka, sanyi ya fara bugawa, sai ka ga tulin yashi da bulo a ƙofar gidaje. Lokacin gyara ke nan, kuma ya dace: babu ruwan sama, 'yan ci-rani sun shigo gari, leburori sun yi yawa, kuɗin aiki ya ɗan sauka. Sai dai a irin wannan lokaci, duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon siminti na 'yan watanni sai ya sayi cokali ya ce shi birkila ne, wani ma ya ce ɗan kwangila.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, ya yi niyyar sauya rufin gidansa da yi wa ɗakuna filasta. A majalisa aka haɗa shi da wani da aka ce "yana da sauƙi". Bai je ya ga aikin mutumin ba, bai tambayi kowa ba, ya ƙirga kuɗin kaya da na aiki gaba ɗaya ya damƙa masa, ko takarda ba a rubuta ba. Aka yaye tsohon kwano, aka buga rabin katako, sai maginin ya ɓace, waya a kashe. Ashe ya karɓi wata jingar a wata unguwa, da kuɗin dattijo yake toshe ramin can. Iyali suka kwana cikin sanyi a ɗaki ɗaya. Da maginin ya dawo, sai ya ce siminti ya tashi, a ƙaro. Aka ƙara, don wa zai bar gidansa a buɗe? Ruwan farko na damina ya nuna abin da aka yi: kwano mai laushi, katako ɗanye da ya karkace, silin ya jiƙe.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutumin da zai kewaye kasuwa yana taya buhun masara shi ne zai miƙa kuɗin da ya tara shekara da shekaru ga wanda bai san gidansu ba, wai don kada a ce bai yarda da mutane ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. To, kunyar me ake ji? A rubuta aikin da za a yi, irin kwano da kaurinsa, yawan buhunan siminti, ranar gamawa, da yadda za a biya, shaidu biyu su sa hannu. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai fara aiki. Sauran a biya mataki-mataki, bayan ka ga an gama kowane sashe da idonka. Kaya kuwa, ka je kasuwa tare da maginin, rasit ya zauna a hannunka. In aikin rufi ne, ku yi yarjejeniya tun farko cewa za ka riƙe wani kaso sai ruwa ya sauka a kansa. Magini na ƙwarai ba ya jin tsoron wannan sharaɗi.

Kada ka yarda da hoton waya. Ka ce ya kai ka gidan da ya gyara wanda ya ci damina ɗaya ko biyu, ka gaisa da mai gidan ba a gaban maginin ba. Ka kuma ji farashin mutum biyu ko uku. Wanda ya faɗi ƙasa da kowa da nisa, a jikin kayanka zai fanshe. Araha ba ta ado.

Akwai tambaya ɗaya da ke tona asirin magini a hunturu: kwana nawa za a yi ana ba filasta da kankare ruwa? Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, iskar hunturu kuma tana tsotse danshi kafin ya kama, shi ya sa ake ganin bango ya tsattsage tun ba a yi fenti ba. Aƙalla kwana 7 ake so ana jiƙa shi safe da yamma, kankare kuwa sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya yi cikakken ƙarfi. Wanda ya ce maka "gobe ma sai a yi fenti", sallame shi.

Idan gyaran ya kai ga rushe bangon da ke ɗauke da nauyi ko ɗora bene a kan tsohon harsashi, wannan ya wuce birkila. A nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN, a kuma nemi izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano. Rayukan iyalinka ne a ƙarƙashin ginin.

Jama'a, a fara da wuri tun damina na nesa, don gaggawar watan Mayu ce ke sa mutum ya karɓi duk wanda ya zo. Kafin ka zaro ko naira ɗaya, ka ga aiki, ka rubuta takarda.