Ɗan Jaridar Da Ya Sa Wa Wikipedia Ido, Da Darasin Da Ke Ciki Ga Mutanen Katagum

Duk ɗalibin da ke karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Aminu Saleh da ke Azare, in aka ba shi aikin binciken tarihin ƙasar Katagum, da wuya ya fara da ɗakin karatu. Wayarsa zai ɗauko, kuma galibi abin da zai fara cin karo da shi shi ne Wikipedia, watau kundin ilmin nan na intanet wanda 'yan sa kai ke rubutawa ba tare da an biya su ko kwabo ba. Abin tambaya a nan shi ne, wa ke duba aikin waɗannan bayin Allah?

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka kafa kundin ran 15 ga watan Janairu, 2001. Yanzu ana rubuta shi cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa, na Turanci kaɗai kuwa ya haye maƙala miliyan 7 a shekarar 2025. Kowa na iya gyara shafi, amma bisa sharaɗin ya nuna inda aka taɓa buga maganar, ko a littafi ko a jarida.

A Amurka an sami 'yan jaridar da suka ɗauki kundin tamkar yadda wakili ke ɗaukar kotu ko majalisa. Noam Cohen ya yi shekaru yana ba da labarinsa a jaridar New York Times, har ya halarci taron marubutansa na duniya da aka yi a Iskandariyya ta ƙasar Masar a 2008. Bayansa sai ga Stephen Harrison, wani lauya mazaunin Jihar Texas, wanda tun wajen 2018 ya duƙufa kan batun, ya kuma riƙe fili na musamman mai suna Source Notes a mujallar Slate. Irin aikinsa shi ne ya bi muhawarar da marubuta ke yi a bayan kowane shafi, ya tattauna da su, sa'an nan ya bayyana wa jama'a yadda aka kai ga abin da suke karantawa. A 2024 ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna The Editors a kan rayuwar irin waɗannan mutane.

Cikin batutuwan da ya rubuta a kai, akwai wanda ya kamata Hausawa su yi wa karatun natsuwa. A watan Agusta na 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda ya soma aikin tun yana yaro, ya rubuta maƙala fiye da 20,000 a sashen harshen Scots na mutanen Sikotland, alhali kuwa bai iya harshen ba. Turanci yake ɗauka ya sassauya wasu kalmomi. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma an shafe shekaru ba a gyara ɓarnar ba, domin masu harshen ba sa leƙawa, 'yan jarida ma ba su damu ba. Harshen da masu duba shi suka yi ƙaranci, ɓarna na iya daɗewa cikinsa ana ɗaukarta ilmi.

Wannan haɗari bai yi nisa da ƙasar Katagum ba. Malam Zaki ne ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A 1824 Baturen nan Clapperton ya sauka a garin Katagum, kafin abokin tafiyarsa Likita Oudney ya rasu a Murmur cikin watan Janairu na shekarar. A 1916 aka mai da fadar Sarki Azare. A yau Azare ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, shi kuwa garin Katagum shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Ɗan ƙasa ya san wannan tun yana goye, amma baƙon da ke zaune a wata duniya yana fassara da na'ura, cikin sauƙi zai cakuɗa gari da masarauta da ƙaramar hukuma. In kuwa kuskuren ya zauna, ɗalibi ya kwafa, ɗan jarida ya kwafa, gobe kuma a kawo jaridar a matsayin hujja.

Har ila yau akwai wani gefen. Tun da kundin ba ya karɓar abin da ba a buga ba, duk wanda jaridu suka manta da shi, kundin ma zai manta da shi. A 2018 an ƙi amincewa da shafin wata masaniya 'yar Kanada, Donna Strickland, bisa dalilin cewa ba a yi isasshen rubutu a kanta ba. Watanni kaɗan bayan haka ta ci kyautar Nobel a fannin kimiyya. In haka ta sami mace irin wannan, ina ga malaman allo, da makaɗa, da ungozomomin da suka yi wa Azare, Madara da Chinade hidima, waɗanda tarihinsu ke bakin dattawa kurum?

Saboda haka aikin da ke gaban jaridu da gidajen rediyon Hausa kashi biyu ne. Na farko, su riƙa aika wakilai wurin dattawa, su buga abin da suka ji da suna da shekara, don marubutan kundin su sami madogara. Na biyu, su riƙa karanta Wikipedia ta Hausa a kai a kai, su yabi mai yi da kyau, su nuna kuskure a fili. Malaman Jami'ar Jiha da ke Gadau da na kwalejin Azare ma suna da rawar takawa, domin gyaran shafi ba ya bukatar izinin kowa.

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mutanen Katagum ba su duba abin da ake rubutawa a kansu ba, jikokinsu za su koyi tarihin gidansu daga bakin wanda bai taɓa taka ƙasar ba.