Matsayin Mai Sauraro a Rayuwar Waƙar Baka ta Hausa

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da aka yi a kan waƙar baka sun fi mai da hankali ne ga makaɗi, wato asalinsa da kayan kiɗansa da ubangidansa da salon waƙoƙinsa. Ba kasafai ake waiwayar mai sauraro ba, alhali kuwa shi ne yake ɗaukar waƙa ya kai ta inda makaɗin bai taɓa sa ƙafa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa hirar da masu sha'awar waƙa suke yi a junansu wani irin nazari ne mai ƙa'idojinsa, kuma ta hanyarsu ne waƙoƙi da yawa suka tsira daga ɓacewa.

2.0 Hanyoyin Musaya

Kafin zuwan na'ura, ba a jin waƙa sai an je inda ake yin ta, kamar fada ko gidan biki ko filin dambe. Wanda ya halarta shi yake haddace gindin waƙar da wasu ɗiyanta, ya kawo wa abokan hirarsa a majalisa. Da garmaho ya zo, sai gidan mai faifai ya zama matattarar jama'a, ko da yake faifan ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci.

Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya faɗaɗa wannan majalisa ƙwarai. A shirin Zaɓi Sonka, mai sauraro yakan aika da kati ya zaɓi waƙa, ya kuma gai da 'yan'uwa da abokai. Ta haka mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, daga Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, suka san juna da suna, har suka kafa ƙungiyoyin zumunta.

Amma kaset, wanda ya yaɗu daga shekarun 1970, shi ne ya mayar da iko hannun mai sauraro. Yana ɗaukar awa guda ko fiye, ana kwafarsa, ana ba da aronsa. Bugu da ƙari, mai rikoda yakan je wurin wasa ya ɗauki waƙar da ba za ta taɓa shiga faifan kamfani ba. Daga baya wayar hannu ta gaji wannan aiki, inda ake tura waƙa daga waya zuwa waya.

3.0 Ma'aunin Masu Sauraro

Idan masu sha'awar waƙa suka haɗu, ba sa tsayawa ga cewa waƙa ta yi daɗi. Sukan auna zaƙin murya, da yadda 'yan amshi suke karɓa, da dacewar kiɗa da rauji, da zurfin azanci, da gwanintar habaici da zambo.

Alal misali, masoyin Ibrahim Narambaɗa yakan kafa hujja da nauyin kiɗan kotso da zurfin Hausar waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, waɗanda sau da yawa sai an warware wa baƙo kalmominsu. Shi kuwa masoyin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan ce gwaninsa ya waƙe sarki da attajiri da direba, kuma yana ƙirƙirar waƙa nan take bisa kalangu. Na ukunsu zai kawo Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ce shi da kuntiginsa kaɗai, ba ɗan amshi ko ɗaya, ya bayyana halin talaka. Ba a cika kashe irin wannan musu ba, domin kowa da gwaninsa. Sai dai a cikinsa ne yaro yake koyon ma'anar tsohuwar kalma, ya san wanda aka yi wa waƙa, da wanda aka nufa da habaici, da dalilin da ya sa.

4.0 Abin da Ake Gudu

Na'ura tana adana murya, amma ba ta adana bayani. Waƙa takan yi yawo a wayoyi ba tare da sunanta na gaskiya ko shekarar da aka yi ta ba, wani lokaci ma a jingina ta ga makaɗin da ba shi ya yi ta ba. Habaici kuwa, da yake ba a ambatar suna a cikinsa, mabuɗinsa yana kan dattawan da suka san abin da ya faru. Duk ran da irin wannan dattijo ya kwanta dama, waƙar tana nan, amma wani sashe na ma'anarta ya bi shi.

5.0 Kammalawa

Saboda haka ya kamata ɗaliban da suke fita neman waƙoƙi su ɗauki tsofaffin masu sauraro a matsayin madogara, daidai da makaɗa da 'yan amshinsu. A nemi masu tarin kaset tun bai lalace ba, a kwafe shi, a kuma ɗauki bayaninsu a kan kowace waƙa: wa aka yi wa, a ina, kuma a wane lokaci.