2.3 Matsalar Yankewar Sadarwa a Tsarin Kwamfutoci Masu Aiki Tare

A wannan sashe za a duba ginshiƙi na farko da ya wajaba mai koyon gina babbar manhaja ya fahimta, wato cewa kwamfutocin da ke aiki tare daga wurare daban-daban ba su da tabbacin saƙonsu zai isa.

Alal misali, idan ɗan kasuwa a Kakuri ko Sabon Tasha ya tura kuɗi ta waya, saƙon yakan bi ta kwamfutar bankinsa, sannan ta kamfanin NIBSS, wanda ya fara tsarin tura kuɗi nan take a shekarar 2011, kafin ya kai bankin mai karɓa. Idan layi ya yanke, bankin farko ba zai san ko saƙon ne ya ɓace ko amsarsa ba. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa a cire kuɗi amma ba su shiga ba, kamar yadda jama'a suka yi fama lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

A shekarar 2000 masani Eric Brewer ya bayyana cewa muddin sadarwa ta yanke, dole tsarin ya zaɓi ɗaya: ko ya jira har bayanai su daidaita, ko ya ci gaba da amsawa da bayanan da ƙila sun tsufa. A harkar kuɗi, jira ya fi aminci. Bugu da ƙari, akan ba kowace hulɗa lamba tata ta musamman, domin in an sake aika saƙon kada a cire kuɗin sau biyu.