Adana Sunayen Jama'a a Kwamfuta: Abin da Ya Kamata Ƙungiyoyinmu Su Sani

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin rabon hatsi ko taki ya san yadda littafin sunaye yake da muhimmanci. Idan sunan gwauruwa ya ɓace daga cikin littafin, za ta koma gida da buhunta ba komai a ciki. Idan kuma an rubuta mutum ɗaya sau biyu, a shafin farko da sunan yanka, a shafi na goma da laƙabi, to ya karɓi rabon wani ke nan. Littafin takarda kuwa yana da abokan gaba da yawa: gara, ɗigon ruwan sama, gobara, da kuma ranar da magatakarda zai tashi daga gari ya tafi da shi a cikin jakarsa.

Saboda irin wannan ne ƙungiyoyin agaji da dama a duniya suka koma adana sunayen mutanensu a cikin kwamfuta. A wannan fitowa za mu duba wata manhaja da aka yi musamman domin wannan aiki, yadda aka gina ta, abin da take yi, da abin da take bukata.

Mece ce wannan manhaja?

Manhaja ita ce jerin umarnin da mutane suke rubutawa domin kwamfuta ta bi. Akwai irin manhajar da ake kira CRM. Kamfanoni ne suka fara amfani da ita don bin sawun masu sayen kayansu. Amma ƙungiyar agaji ba ciniki take yi ba. Mutanenta su ne masu ba da gudummawa, masu aikin sa kai, membobi, shugabannin gari, da waɗanda ake taimaka wa. Sau da yawa mutum ɗaya yakan zama duka: matar da aka taimake ta da iri bara, bana ita ce take koyar da wasu, har ta kawo mudu biyu na gudummawa. Ana bukatar littafin da zai nuna duk wannan a shafi ɗaya.

Ɗaya daga cikin sanannun manhajojin da aka yi don wannan ita ce CiviCRM. An fara aikinta a Amurka a shekarar 2004, aka fito da ita a 2005. Donald Lobo, wanda ya taɓa aiki da kamfanin Yahoo, shi da Dave Greenberg da Michal Mach na ƙasar Poland ne suka kafa ta. Tun da farko masu rubuta ta suna warwatse ne a Amurka, Poland da Indiya. Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, tana amfani da ita wajen riƙe bayanan masu ba ta gudummawa.

Me ake nufi da buɗaɗɗen tushe?

Ku tuna da famfon tuƙa-tuƙa mai suna India Mark II, wanda yake a ƙauyuka da yawa. An tsara shi a Indiya cikin shekarun 1970 tare da taimakon UNICEF, kuma ba a ɓoye zanensa ba. Saboda haka kamfanoni da yawa suna ƙera kayan gyaransa, kuma makanikin da ya koya zai iya kwance shi ya ɗaura. Da kamfani ɗaya ne kaɗai ya san cikinsa, da ranar da ya lalace sai a zauna jiran mutumin kamfani, mata kuwa su koma rafi.

Haka manhaja take. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kulle suke: za ka yi aiki da su, amma ba a yarda ka ga cikinsu ko ka canza su ba. A shekarar 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya soma wani aiki mai suna GNU domin a samu manhajar da ba a kulle ba. Ya ce mai amfani da manhaja ya cancanci 'yanci iri huɗu:

1. Ya yi aiki da ita a kan duk abin da ya ga dama.
2. Ya duba yadda aka rubuta ta, ya canza ta yadda za ta dace da bukatarsa.
3. Ya ba maƙwabcinsa kwafinta.
4. Ya rarraba gyaran da ya yi domin kowa ya amfana.

CiviCRM tana ƙarƙashin lasisi mai suna AGPL wanda yake kare waɗannan abubuwa huɗu. Ba a biyan kuɗin lasisi, ko mutum biyu ne suke aiki da ita ko ɗari biyu.

Wa yake gina ta, wa yake biya?

Aikin gayya ne. Akwai 'yan ma'aikata kaɗan da suke riƙe da uwar aikin, suna tace gyare-gyaren da ake aikowa, suna fitar da sabon zubi kusan kowane wata. Kewaye da su akwai ƙananan kamfanoni masu girka ta wa ƙungiyoyi, waɗanda suke ba da kuɗi ko lokacinsu. Akwai kuma masu sa kai: wani ya ba da rahoton kuskure, wani ya rubuta littafin koyarwa, wani ya fassara ta zuwa harshensa. Idan ƙungiyoyi da yawa suna son a ƙara wani abu, sukan yi karo-karo su biya mai rubutawa, in an gama kowa ya samu, har da wanda bai ba da ko kwabo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ayyukan da take yi

Tana rubuta mutane kashi uku: mutum ɗaya, gida, da ƙungiya. Wannan ya dace da zamanmu, domin ana iya rubuta gida guda, a haɗa maigida, matarsa, yara da marayun da suke riƙo a ƙarƙashinsa. Daga nan:

• Tana rubuta gudummawa da alkawarin gudummawa, ta fitar da rasit.
• Tana riƙe sunayen membobi, ta nuna wanda lokacin biyansa ya yi.
• Tana rubuta waɗanda suka halarci taro ko horo.
• Tana bin lamarin mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, misali yaron da ake biya wa kuɗin makaranta: wa ya ziyarce shi, yaushe, me aka samu.
• Tana aika wasiƙar imel, da saƙon tes idan an haɗa ta da kamfanin da yake tura saƙo.
• Tana zaƙulo sunayen da suka yi kama da juna domin a duba ko mutum ɗaya ne.

Kowace ƙungiya tana iya ƙara nata tambayoyin, kamar unguwa, girman gona, ko yawan awaki. Idan masu ba da taimako suka nemi rahoto, aikin da a da yake cin kwanaki ana ƙirga da hannu sai a fitar da shi a zama ɗaya.

Kyauta ce, amma tana cin kuɗi

Kada wani ya ruɗe ku. Wanda aka ba shi doki kyauta, ciyawa da dusa suna wuyansa. CiviCRM ba a wayar mutum ɗaya take zama ba. Tana zama ne a kan babbar kwamfuta mai aiki dare da rana, wadda yawanci hayarta ake yi, ana shiga ta intanet. Galibi ana haɗa ta da manhajar shafin intanet irin su WordPress, Drupal ko Joomla. Saboda haka ana bukatar kuɗin haya, kuɗin data, wutar lantarki ko sola, da mutumin da ya iya sabunta ta yana kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam.

Don haka ƙungiyar mata mai membobi 40 ba ta bukatarta. Littafi mai kyau da kwafinsa a gidan ma'aji ya isa. Wadda take bukatarta ita ce ƙungiya mai aiki a ƙauyuka da yawa, mai dubban sunaye. Inda babu sabis kuma, akwai wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington a 2008. Ana cike bayanai da ita a wayar Android ba tare da intanet ba, a tura in an shiga gari, sannan a zuba su cikin babban kundin.

A kuma sani, kwamfuta ba ta gyara ƙarya. Abin da aka shuka shi yake tsirowa. Idan mai rubutu ya sa sunan ƙaninsa a madadin mabukaci, haka na'ura za ta riƙe shi. Kwamitin gari ne har yanzu zai tantance sunaye a gaban jama'a.

Sunan mutum amana ne

Wannan shi ne mafi nauyi. Kundin da ya nuna mai ɗauke da cuta, ko inda 'yan gudun hijira suka fake, ko wanda ya karɓi kuɗi jiya, zai iya jawo wa mutum tsangwama ko ma hari idan ya faɗa hannun da bai dace ba. A watan Yuni na 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane, tare da hukumar da take lura da ita. Dokar ta sa lafiyar mutum, addininsa da ƙabilarsa cikin bayanan da suke bukatar kariya ta musamman. Ta kuma ba ka damar sanin abin da aka rubuta a kanka da neman a gyara kuskure.

CiviCRM tana ba da hanyar raba izini, yadda ma'aji zai ga kuɗi amma ba zai ga bayanin rashin lafiya ba. Sai dai ƙofa mai kwaɗo ba ta da amfani in an bar mabuɗi a jiki. Kowane ma'aikaci ya riƙe kalmar sirrinsa shi kaɗai, a kuma rufe ta wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi. Abin da ba a bukata, kada a tambaya tun farko.

In ma'aikaci ya zo rubuta sunanka, kana da ikon tambayarsa: Me za a yi da shi? Wa zai gani? Ina za a ajiye shi? Wa zan samu in an yi kuskure? Ƙungiyar kirki ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ina littafin sunayen ƙungiyarmu yake kwana? In ya ƙone yau, muna da wani?
2. Mutum nawa ne suka iya karanta shi su fahimta, ban da wanda ya rubuta?
3. Waɗanne bayanai muke karɓa waɗanda ba ma amfani da su?
4. In za mu koma kwamfuta, waɗanne matasa biyu za mu tura su koyo, kuma daga ina kuɗin kowace shekara zai fito?

Ku tattauna waɗannan a taron kwamiti na gaba, ku rubuta amsoshinku, ku ba ma'aikacin raya karkara in ya zo zagaye.