Mura da Ƙaiƙayi: Lokacin Tashin Asma a Doguwa

A ƙasar Doguwa da Tudun Wada, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazon hunturu da ƙaiƙayin dawa sukan haɗu da mura. Lokacin ne yaranmu masu asma suke shan wuya.

Ƙwayar cutar mura takan kuje fatar hanyoyin iska cikin huhu. Sai ƙurar da yaro ya shaƙa ta kutsa ciki, hanyoyin su kumbura, majina ta toshe su, ƙirji ya kama fito.

'Yan'uwa, kafso ba ya kashe wannan ƙwaya. In mai asma ya yi mura, mu nisanta shi da masussuka, mu ajiye maganin shaƙarsa kusa. In haki ya hana shi magana, mu kai shi asibiti, ko da tsakar dare ne.