Bargon Jariri: A Ɗinka Shi Tun Kafin Haihuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Riruwai cikin watan Disamba ko Janairu ya san sanyin wurin dabam ya ke da na sauran ƙasar Kano. Garin yana cikin duwatsu, can ƙarshen kudancin jihar, wajen da ta haɗa iyaka da Kaduna da Bauchi. Tun kafin zuwan Turawa aka san shi da kuza, amma mu mazauna yankin mun fi saninsa da iskar asuba. A birnin Kano ma sanyin asubar Janairu ya kan sauka wajen digiri 13, balle a kan tudu. Ƙauyukan gefen dajin Falgore, da na bakin ruwan Tiga a ƙasar Bebeji, har Kiru da Tudun Wada, kowa yana shan nasa rabo. Babba ya kan ja gwado ya ƙudundune, ko ya tashi ya hura wuta. To, jaririn da aka haifa jiya fa?

Sabon jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. Fatarsa ba kauri, kitsensa kaɗan ne, kansa kuwa babba, ta nan ɗumi ke gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ɗakin da za a haife shi kuma kada ya kasa digiri 25. Ta kuma ce cikin jariran da ke mutuwa kafin su cika wata guda, wajen uku cikin huɗu a makon farko su ke tafiya. Ba sanyi kaɗai ke ɗauke su ba, amma sanyi yana ƙara wa kowace cuta ƙarfi, tun ba ga bakwaini ba, da wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Yawancin kayan jariri a wurinmu ran suna su ke zuwa, watau bayan mako guda. Ran nan ne dangi ke kawo riguna da shawul da sabulu da turamen atamfa. Kwanakin da su ka fi haɗari kuwa sun riga sun wuce, jariri ya yi su cikin tsohon zane falle ɗaya. Mun san dalili. Mai cikin fari tana jin kunyar a gan ta tana tanadin kayan goyo, wasu kuma suna ganin bai kyautu a shirya wa wanda bai zo ba. Ba mu ce a zubar da kunya ba. Amma ita kaka ba ta da wannan kunyar, haka gwaggo da inna, kuma a gidansu mai cikin fari ta kan je haihuwa. Saboda haka ku mu ke yi wa magana, iyayenmu mata. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Bargon ƙyallaye ba ya cin kuɗi, lokaci ya ke ci, shi ya sa ake soma shi tun ciki yana wata shida. In haihuwar za ta faɗo cikin hunturu, a gama shi kafin aikin kaka ya rufe mutane, don in aka shiga yankan dawa da ɓarar masara ba mai waiwayar allura.

Ba Baƙon Aiki Ba Ne

Wasu su kan ce haɗa ƙyallaye aikin matan Turawa ne. Su dubi gwadon da ke kan gadonsu. Masaƙi siraran saƙa ya ke fitarwa, faɗin tafin hannu ko fiye kaɗan, sa'an nan a jera su a ɗinke gefe da gefe har su zama mayafi. Haka luru. Ɗinki a kan shimfiɗa mai ciko ma mun san shi tun dā. Lifidin da dawakin sarki ke sawa ran hawan salla ba wani abu ba ne illa yadi biyu da auduga a tsakani, an bi su da ɗinki layi layi. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi, shekaru fiye da 600 ke nan.

A Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama da ake kira Gee's Bend. Matan wurin jikokin bayi ne, talakawa manoma, gidajen katako su ke kwana ciki, iska na shiga ta ko'ina. Da tsofaffin wandunan aiki da buhunan abinci su ka riƙa ɗinka barguna don 'ya'yansu kada su daskare. A 2002 aka rataye waɗannan barguna a gidan adana zane-zane na birnin Houston, mutane su ka yi ta zuwa kallo, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan sarki na gidan waya. Su dai maganin sanyi su ka nufa.

Neman Ƙyalle

A je wurin tela a roƙi guntaye. Lokacin da su ka fi yawa shi ne gab da Salla da Kirsimeti, sa'ad da keke ba ya hutawa, yawanci ma sharewa ake yi a ƙone. Mai zuwa Kano kuma yana iya dubawa wajen teloli da masu gwanjo na Kofar Wambai. Tsofaffin zannuwa da rigunan gida su ne su ka fi, don sun sha wanki sun yi laushi.

Amma fa ba kowane ƙyalle za a ɗauka ba, a nan ne aikin ya fi bukatar ido. Dā atamfar da ke fitowa daga masaƙun Kaduna da Kano auduga ce. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, yawancin 'yan'uwanta ma sun bi ta. Yau yadi mai yawa a kasuwa daga waje ya ke zuwa, da yawansa kuwa gauraye ya ke da roba. Yadin roba ba ya shan gumi ko fitsari, sai ya bar jariri cikin laima, laima kuwa ita ke jawo sanyi. In tartsatsi ya faɗa masa narkewa ya ke yi ya manne a fata. Ga yadda ake ganewa. A zaro zare biyu ko uku daga bakin ƙyallen, a fita waje, a kai su bakin ashana. In auduga ce, za ta ci wuta, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. In roba ce, sai ta narke ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Wannan a ajiye shi don tsummar goge-goge. Leshi da yadi mai duwatsu da mai zaren ƙyalli su ma ba su shiga, ko da sun fi kyau. Maɓalli da ɗan kwalliyar da ake liƙawa kuwa a cire su sarai, jariri kome ya samu baki ya ke kai wa.

Bayan an zaɓa, a wanke duka da sabulu da ruwan ɗumi, masu duhu dabam, masu haske dabam. Sabon yadi yana da sitaci, yana kuma tsukewa a wankin farko. In ba a wanke shi ba, ran da aka wanke bargon sai sabbin ƙyallaye su ja tsofaffi ya murɗe. Wanda ya ci gaba da zuba bayan ɗauraya biyu a fitar da shi. A shanya, a goge.

Awo Da Yanka

Bargon jariri yadi ɗaya a tsaye, yadi ɗaya a kwance ya isa, watau inci 36 kowane gefe. A samu kwali mai tauri a yanka shi murabba'i, inci 7 kowane gefe. Shi ne ma'auni. A ɗora shi a bayan ƙyalle, a zagaye da alli ko gutsuren sabulu, a yanka. Ana bukatar guda 36. Ɗinki zai ci rabin inci a kowane baki, sai kowane ƙyalle ya koma inci 6, shida sau shida ke nan, yadi guda cif. Wadda ba ta da tef na awo kada ta damu, in dai kwali ɗaya aka yi amfani da shi tun daga farko har ƙarshe, kome zai zauna daidai.

In guntayen ƙanana ne ba su kai inci 7 ba, a bi hanyar masaƙa. A yanka su faɗi ɗaya, a haɗa su baki da baki su zama dogon tsiri mai tsawon yadi, a yi irinsa da yawa, sa'an nan a jera a ɗinke kamar gwado. Mu a ganinmu wannan ma ya fi sauƙi ga mai koyo, don ba sai kusurwa ta haɗu da kusurwa ba.

Kafin a taɓa allura, a shimfiɗa tabarma a jera ƙyallayen duka, a tsaya a duba. Mai duhu kusa da mai haske, kada launi ɗaya ya taru a gefe guda. Nan ne mata ke gardama, kowa da nata ido, ba laifi. In an yarda da jerin, a tattara kowane layi dabam a soke shi da allura don kada yara su hargitsa.

Haɗawa

A ɗauki biyu a kifa fuska da fuska, a ɗinke gefe ɗaya, a buɗe, a ƙara na uku, har shida. In layi shida sun samu, sai a haɗa su. Keke ya fi sauri, amma hannu ma ya isa, in dai ɗinkin ƙanana ne matsattsu, ana kuma ɗan komawa baya kowane lokaci don kada ya warware. A kwantar da bakin ɗinkin ta baya da dutsen guga.

Bargon falle uku ne: fuskar ƙyallaye a sama, tsohon zane falle ɗaya a tsakiya, da wani zane mai laushi a ƙasa. Na ƙasan a yanka shi inci 40 kowane gefe, don a samu abin naɗowa. Za a ga wasu suna so su cusa auduga ko rimi ko soso don ya yi kauri. Kada a yi. Wannan ba lifidi ba ne. Auduga ta kan dunƙule a wanki, ta kwana biyu ba ta bushe ba, in da gurya a cikinta kuma ɓera ya samu abinci. Ban da haka bargo mai nauyi yana iya toshe wa jariri numfashi.

A shimfiɗa falle ukun a wuri mai santsi, a miƙar da su, a kama su da manyan ɗinki na wucin gadi. Sa'an nan a soma ɗinkin gaske daga tsakiya zuwa baki, allura na shiga tana fita ta ratsa falle ukun, layi da layi tazarar yatsu huɗu. In aka soma daga baki, yadin zai taru ya yi tudu a tsakiya. Daga ƙarshe a naɗo bakin zanen ƙasa ya hau fuskar, a kalmashe, a ɗinke shi gam. A ƙulla kowane zare a yanke shi gajere, don dogon zare yana iya naɗe wa jariri yatsa ba wanda ya lura.

Yadda Za A Yi Amfani Da Shi

Bargo ba ya kawo ɗumi, tsare wanda ke akwai ya ke yi. Wutar jariri ita ce jikin uwarsa. Da an haife shi a goge shi ya bushe, a sa masa hula, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, sa'an nan a lulluɓe su biyu da bargon, fuskarsa a waje. Wanka a jinkirta shi sai bayan kwana guda, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, muna roƙon ungozomomi su karɓi wannan. Ɗora ƙaramin jariri a ƙirji likitocin birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ne su ka mai da shi magani a 1978, sa'ad da kwalaben ɗumama jarirai su ka kasa musu. A 2022 Hukumar ta ce a soma yi wa bakwaini haka nan take bayan haihuwa.

Wajen barci kuwa a yi hankali. Likitocin yara na Amurka cewa su ka yi kada a bar bargo sake a wurin barcin yaro har ya shekara, na Ingila su ka ce mara nauyi kaɗai, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, kada ya wuce kafaɗa. Saboda haka a kwantar da jariri rigingine, a sa masa riga biyu da safa, bargon ya tsaya a ƙirji, a cusa gefunansa sosai, gidan sauro kuma a sauke. A riƙa taɓa tafin ƙafarsa da cikinsa da bayan hannu. In wuyansa ya jiƙe da gumi, an yi yawa, a rage. In ƙafa da ciki duka sun yi sanyi, ba ya kama nono da ƙarfi, kukansa ya raunana, a sa shi a ƙirji a lulluɓe, a tafi asibiti a haka, kada a jira gari ya waye.

Kaskon garwashi da ake kwana da shi a ɗakin mai jego a fitar da shi kafin barci. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda ke kashe mutum yana barci, hayaƙi kuma yana ɓata ƙirjin jariri.

Abu ɗaya ya rage. Jariri zai jiƙa bargon tun daren farko, jiƙaƙƙen bargo kuwa gara babu shi. Don haka biyu ake yi, ɗaya yana jiki ɗaya yana igiya. A unguwar da mata ke da ƙungiya ko adashi, a raba aikin: ɗaya ta nemo ƙyalle ta wanke, ɗaya ta yanka, mai keke ta haɗa fuskar, sauran su zauna kewaye da tabarma su yi ɗinkin hannu. Iskar hunturu busasshiya ce, falle uku na auduga da aka shanya da hantsi ya kan bushe kafin la'asar.