Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Sa Likita Ya Ji Kukan Jijiyar Fuska

Akwai wata na'ura a ɗakin tiyatar ƙwaƙwalwa wadda aikinta shi ne mayar da motsin tsokar fuska ya zama sauti, ta yadda likita zai san halin da jijiyar fuska take ciki da kunnensa tun kafin idonsa ya gan ta. An fi buƙatarta wajen cire wani ƙari da ba na daji ba, wanda ke tsirowa a kan jijiya ta 8 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wato jijiyar ji da daidaita tsayuwa. Ita wannan jijiya tana bin wani matsattsen rami na ƙashi, mai tsawon kusan santimita 1, tare da jijiya ta 7 mai motsa fuska, saboda haka idan ƙarin ya girma sai ya danne ta 7 ɗin har ta baje a jikinsa, ta yi sirantar da ko da madubin tiyata da wuya a bambance ta. In aka tsinke ta, ɓarin fuska ya shanye, ido ya ƙi rufuwa, baki ya karkace.

Bayan an sa majiyyaci barci, sai a soka siraran allurai a tsokar da ke kewaye da ido da wadda ke kewaye da baki, a haɗa su da lasifika, likitan sa barci kuma ya guji maganin da ke sassake tsoka, domin tsokar da aka sassake ba ta amsawa. Likitan tiyata yana riƙe da wani ɗan tsinke mai sakin lantarki kaɗan ƙwarai, wani lokaci miliamfiya 0.05 kacal, yana taɓa jikin ƙarin wuri bayan wuri: inda lasifika ta yi shiru ya yanka, inda ta fara ƙas-ƙas a jere ya san jijiya na nan, ya kauce.

Abin mamakin shi ne kukan jijiyar iri-iri ne. A 1986 wasu likitoci biyu, Prass da Lüders, suka rarrabe shi, inda suka nuna cewa taɓawa kaɗan tana ba da gajeren sauti, jan jijiya kuwa yana haifar da dogon sauti mai ci gaba, wani kamar fashewar gugguru a tukunya, wani kamar rugugin jirgin saman yaƙi, kuma mai tsawon nan ne ke sa likita ya saki abin da yake ja ya dakata.

Dabarar ta girmi na'urar nesa ba kusa ba, domin tun a 1898 likitan Jamus Fedor Krause ya taɓa jijiyar da lantarki ya ga fuska ta motsa. An daɗe ana sa mutum ya zura wa fuskar majiyyaci ido ta ƙarƙashin mayafin tiyata, har ma a 1988 wasu likitoci suka ba da rahoto a wata mujallar Amurka cewa sun ɗinka ƙananan ƙararrawa, irin na wuyan kyanwa, a fuskar majiyyaci domin su kaɗa idan tsoka ta motsa. A 1991 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka suka ba da shawarar a riƙa sa ido kan jijiyar da na'ura a kowace irin wannan tiyata.

Sai dai shirun lasifika ba kullum yake nufin lafiya ba, domin jijiyar da kaifi ya yanke farat ɗaya tana iya rabuwa ba tare da wani sauti ba. Na'urar gargaɗi kawai take yi, tsare jijiyar kuwa yana hannun likita da saninsa.